Hadda a Bakin Turmi

'Yata ta biyu ba ta taɓa cinye tuwo a zaune ba. Loma ɗaya, ta tashi bin kaza. A aike ta sayen gishiri, ta dawo da labarin akuyar maƙwabta. Malamarsu ta Islamiyya a unguwarmu ta Azare ta gaji da cewa "zauna!" Matan layi kuwa kowa da fatawarta: wannan ta ce iskokai ne, waccan ta ce na sangarta ta. Ni da na fi kowa yi mata faɗa a gidan!

Wata likitar yara ce ta kwantar mini da hankali. Ta ce ba rashin ji ba ne. Haka ƙwaƙwalwar wasu yara take, hankalinsu ba ya daɗewa wuri ɗaya, jikinsu kuma sai ya motsa. Ta ce in rage tsawa, in lura da inda take natsuwa.

Ashe a bakin turmi ne. Rannan ina surfen gero ta karɓe taɓaryar, sai na ji tana jero surar da ta gagare ta a kan tabarma, kowace aya da bugunta. Na ja mata ta gaba, ta kama. Tun daga nan can muke hadda.

Ranar da ta yi karatu a gaban iyaye, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ana ta kabbara, ni kuwa dariya nake dannewa, don ni kaɗai na ga hannunta yana daka a ƙarƙashin hijabi.