Matata a Cikin Akwati

Mai binciken kaya a tashar jirgin ƙasa ya saba da masu gardama, amma wannan dattijon roƙo ne a idonsa. Siriri ne, gilashinsa ɗaure da zare, yana rungume da wani faffaɗan akwati kamar jariri.

"Baba, me ke ciki?"

"Matata ce."

"Matarka?"

Dattijon ya yi murmushi. "Matatar gas ce, ɗana, ta tacewa. Ƙofofinta sun fi ƙarfin ido. Ita ke zare iskar kabon mai cinye bututu, ta bar wadda ke kama wuta. Shekara tara ina kanta, gobe za a gwada. Don Allah kada yatsa ya taɓa."

Dattijon ya sa safar hannu, ya buɗe da kansa. Wani baƙin falle ne, bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ko numfashi zai sauke sai ya kawar da kai.

Mai binciken yana kallon furfurarsa, yana tunanin sau nawa abinci ya huce a gida ana jiran mutumin nan. Bayansu layi ya fara gunaguni. Mai binciken ya mai da hannayensa baya.

"Rufe a hankali, Baba. Su jira."