Hasken da na haɗa wa kifin Baba

Shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi, likita ya hana shi shiga ruwa, na ɗauko shi daga ƙauyenmu da ke bayan Auyo na kawo shi gidana a Haɗeja. Mutumin da ya tsufa a kan gora da kwalekwale, sai ga shi a zaure yana kallon bango. Kullum maganarsa ɗaya ce, a mayar da shi gida. Ni kuwa na san in ya koma ruwan zai shiga, kuma wata rana ƙafafun ba za su fito da shi ba.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, kuma ina da wata cuta: duk matsalar da ta taso sai in ga kamar waya da batir za su magance ta. Na ƙudurta tunda kogi yake so, zan kawo masa kogin har zaure. Na sa aka yanko gilashi mai kauri, aka haɗa akwatin da ya kusa cinye bango guda. Muka zuba yashi da ruwa, na sako ƙarfasa da ƙurungu da tarwaɗa masu rai daga wurin masunta. Maiɗakina ta leƙo ta tambaya wanne za a fara sawa a tukunya. Na ce na kallo ne. Ta dube ni kamar na ce zan sa wa akuya takalmi.

Zauren duhu gare shi, idon Baba kuma ya yi rauni, don haka sai an yi fitila. Nan fa aka zo fagena. Na sayo igiyoyin ƙananan fitilun nan na LED, na manna su a jikin sandar alminiyom don kada zafi ya kashe su, na liƙe wayoyin da dalma, na toshe ko'ina da gam saboda ruwa, na jona da batirin sola. Abin da ban duba ba, irin na gidan biki na sayo. Ina kunnawa zaure ya shiga walƙiya, ja, kore, shuɗi. Kifaye suka dunƙule a lungu guda, maƙwabta suka fara aiko tambayar wa za a aurar. Baba ya ce ko su makaɗan suna hanya ne.

Na cire, na sa farare tas. Ya ce yanzu kuma na kwantar da kifi a asibiti. Na rage ƙarfinsu, ya ce hadari ya haɗo. Haushi ya kama ni, amma a ƙasan haushin murna nake, don rabon da in ji Baba yana tsokanar mutum tun yana ƙauye. Har abinci ya koma ci sosai, wai don ya samu ƙarfin gyara mini aiki.

Daga nan kullum bayan la'asar nakan rufe shago in zo da akwatin kayan aikina, shi yana daga kishingiɗe yana ba da umarni. Ya ce rana ba ta shiga ruwa ta gefe, ta sama take zuwa, a karkace. Na mayar da sandar sama na karkata ta. Ya ce ruwanmu ba fari ba ne, na cakuɗa masu ruwan ɗorawa a tsakanin fararen. Ya ce ina inuwar kacalla, ciyawar nan ta bakin ruwa, na samo ganyenta na jera a ƙarƙashin fitilun. Ban taɓa yin aikin da na zuba wa zuciyata kamar wannan ba, kuma na tabbata na ci nasara, don ya daina zancen tafiya.

Ranar da na gama, na kunna na koma gefe ina jiran sabon ƙorafi. Hasken ya sauka cikin ruwan a hankali, inuwar ganye tana rawa a kan yashi, wata ƙarfasa ta ratsa ta ciki cikinta yana ƙyalli. Baba ya tashi zaune. Ya daɗe yana kallo, har na ga yana murza yatsunsa kamar mai jan komar kamun kifi.

"Ka iya," ya ce. "Haka mashayar garinmu take da hantsi, ba ragi."

Kaina ya fara kumbura, ina shirin kiran maiɗakina ta zo ta ji da kunnenta.

"Dā na fara mantawa," ya ce, "ka tuna mini. Gobe in Allah ya kai mu ka nemo mota."

Na buɗe baki zan kawo masa zancen likita, sai na ga hawaye a gemunsa. Zuciyata ta karye. Da gari ya waye ni da kaina na je tasha.