Lalon Gwaggo a Gonar Dundaye

A gonarmu ta Dundaye, tun ina yaro na san cewa ganyen da ya tsiro da kansa ba na mai gona ba ne. Mai noma da hauya idan ya iske lalo ko tafasa ko gasaya tsakanin kunya, yakan kauce ya bar su, kowace mace kuma tana iya shiga ta tsinka ba tare da neman izini ba. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, da wannan ganye take riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Da damina ta yi kwaɗon tafasa ta sayar, lalon kuma ta shanya ta daka don miyar rani.

Shekarar da na gama karatun aikin gona a jami'a, ina zaune a Runjin Sambo babu aiki, sai yayana, wanda gonar take hannunsa tun bayan mahaifinmu, ya zo mini da irin masara a leda. Mai shagon da ya sayar masa ya ce an sauya wa irin halitta, maganin ciyawa ba ya kashe shi: a shuka, a yi feshi, a huta da noma. Har yau ba zan iya rantsuwa cewa irin haka yake ba, don ledar ba ta da wani bayani da zan dogara da shi. Yaya ya ce tunda ni na yi boko, in faɗa masa gaskiya.

Na faɗi abin da na sani, yadda na saba faɗa. Na ce bisa abin da na karanta, maganin ba ya bambance ciyawa da ganyen miya. Na ce wataƙila wata ciyawar ta saba da shi nan gaba, wataƙila kuma ruwa ya janye shi zuwa kududdufi, amma ban tabbata ba. Abu ɗaya na roƙa: ya bar gefen gangare, inda lalon Gwaggo ya fi yawa, a nome shi da hauya. Ya dafa ƙirji ya ce wannan ai ba sai na roƙa ba, Gwaggo uwa ce.

Da ƙafata na je na gaya mata ta kwantar da hankali. Ta ce tunda daga bakina ta ji, ta huta.

Bayan feshin da 'yan kwanaki na hau babur na tafi duba gona. Masarar tana tsaye kore shar, komai ban da ita ya koma ruwan ƙasa, har gangaren, har bakin kududdufi. Gwaggo na tsaye a wurin da ƙwaryarta, ba komai ciki. Ta murza wani ƙonannen ganye a tafin hannu, ta dube ni.

"Ɗana, yayanka ya ce kai ka duba, ka ce ba komi."

Na rantse mata ban faɗi haka ba. Ta ce to, ta kakkaɓe hannunta.

Na iske Yaya a rumfarsa ta hatsi a kasuwa, yana auna wa wani gero. Sai da mutumin ya tafi na tuna masa alkawarin gangare. Ya ce masu feshin ba su san iyaka ba, daga baya kuma ya ce ciyawar gangaren ce za ta sake cika gonar in an bar ta. Da na tambaye shi me ya sa ya jingina abin da sunana, sai ya yi dariya.

"Malam wataƙila, ka ce a'a ne? Ni wataƙila na ji, sai na ɗauki wadda ta yi min."

Wannan dariyar ta fi ƙonewar ganyen ci mini rai. Ashe ba shawarata ya zo nema ba, sunan karatuna yake so ya riƙe a gaban Gwaggo da sauran matan da suka saba shiga gonar.

Damina ta zagayo, Yaya ya sake feshi. Lalon gangaren bai dawo yadda yake ba. Ko maganin ne, ko don bai samu zubar da 'ya'ya ba, ba zan yanke hukunci ba. Gwaggo yanzu sai ta yi tafiya mai nisa zuwa gonakin da har yau ake nomewa da hannu.

Rannan na tarar da ita a hanya da ƙwaryarta a ka, na tsaya in rage mata tafiya. Na ce na ji wani maƙwabcinmu na gona bai yi feshi ba bana, tana iya gwada wurinsa. Ta gode, ta sa mini albarka, ta ce bari dai ta je ta gani da idonta. Ba ta hau babur ɗin ba.