Jan fentin da ya kayar da bangon Kaka

Bara ina da shekara goma sha biyar, ina lakwal, wato makarantar boko, a wani gari na ƙasar Kurfai, kuma babu wanda ya kai ni rashin ji a unguwarmu. Ko akuya ce ta yi kuka babu dalili, sunana ake fara kira. Ranar da muka ci 'yan unguwar gabas a ƙwallo, na samo ragowar jan fenti a wajen mai gyaran amalanke, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa hannun golansu rariya ne. Bangon ɗakin Kaka na zaɓa, don shi ke kallon hanya, kuma ya fi kowane bango santsi, marigayi kakana ne ya yaɓe shi da makuba da hannunsa. Da Kaka ta tambaye ni abin da aka rubuta, na ce mata alamar masu rigakafi ce.

Kafin sati ya zagayo sun rama, mu ma mun rama, rubutu ya cika unguwa har da zagin iyaye. Mai unguwa ya kai kuka meri, wato ofishin magajin gari, aka yi wata biyu shiru. Sai da aka ji manyan baƙi za su bi hanyarmu zuwa Filinge, ma'aikata suka iso da bokitin farar ƙasa. Sau uku suna shafa wa bangon Kaka, jan fentina yana leƙowa. Babbansu ya fusata ya ce a kankare da hauya. Kaka ta fito tana kiransu 'ya'yanta, tana roƙo su bari, damina ta kusa, bangon ƙasa ba ya jure ruwa babu yaɓe. Ya ce ta kwantar da hankalinta, jibi za su dawo da siminti, kuma kada kowa ya taɓa bangon kafin nan.

Na je meri sau dubu, ko da yake Inna ta ce sau tara ne. Yau a ce mai mabuɗin ofis ya tafi Yamai, gobe a ce siminti na hanya. Benci ya san ni, mai gadi ya san tarina. Rana ta ƙarshe na durƙusa ina kuka na gaske, na ce ko izini kawai su ba mu mu yaɓe da kanmu. Aka ce in dawo Litinin. Ranar Asabar da la'asar ruwa ya sauka, ina tsaye ina kallon bangon yana sha, yana zubewa kamar kunu. Da ƙyar muka fito da Kaka da akwatinta kafin azara ta biyo.

Washegari na tarar da ita zaune a gaban tarin ƙasar, na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Ta ce in bari, tun ranar farko ta sani, don masu rigakafi da alli suke rubutu, ni kuwa na kwana uku da jan fenti a kunne. Ba ta zage ni ba. Ta ce kawai sawun yatsun mijinta na jikin yaɓen nan.

Har yau a ɗakin Inna take kwana, simintin kuma bai iso ba. Ban yafe wa meri ba, amma ba su suka fara ba. 'Yan'uwana matasa, kafin ku ɗaga hannu kan bangon mutane, ku tambayi wanda ke kwana a bayansa.