Wilf Mai Rufe Ƙyaure

A ƙungiyarmu ta mahaya keke doka ɗaya ce ba a wasa da ita: wanda ya zo ƙarshe shi zai rufe ƙyaure. Hanyar da muke bi ranar Lahadi ba kwalta ba ce. Burji ce da tsakuwa, tana fita ta bayan cocin ƙauye, ta ratsa kurmi inda rana ke saukowa guntu-guntu ta tsakanin ganye, sannan ta haura tudun da babu komai a kansa sai iska da tumaki da gajeren tsiron nan da ke rina ƙasa shunayya a watan Agusta. Duk inda katangar duwatsu ta tare hanya akwai ƙyaure, kuma ko yaro a yankinmu na Yorkshire ya san abin da manomi zai faɗa wa wanda ya bar masa shi a buɗe.

Tun lokacin da gashinmu yake baƙi, Wilf Sunter ne ke rufe su duka.

Gyaran rufin gidaje ne sana'arsa, har gwiwoyinsa suka fara gunaguni ya sauko ƙasa. Da wuya a sami gida a kwarin nan da bai taɓa tsugunawa a samansa ba, amma gidajen da ya shiga cikinsu ba su kai yatsun hannu ba. Tuzuru ne, dogo, siriri, kunnuwansa kamar hannayen tukunya. Mu muna matse tumbi cikin tufafin roba masu ƙyalli, shi kuwa wandon ulu yake cusawa cikin safa, ya hau koren kekensa na ƙarfe wanda ya girmi wasu 'yan ƙungiyar. Magana ba ta dame shi ba. In an ce masa gari ya yi kyau, ya ce, "Ai kuwa." In an ce masa gwamnati ta faɗi, amsar ke nan.

Gordon Raine, shugabanmu, tsohon malamin motsa jiki mai rigar ruwan ɗorawa da murya kamar ƙaho, shi ya raɗa masa suna Wutsiya. Kullum kafin mu tashi sai ya tambaye shi ko a jira shi yau, ko a haɗu ranar Talata.

To amma Wilf ba shi da nawa kamar yadda ake faɗa. A cikin kurmi yana bayanmu kaɗan, muna jin tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin tayarsa. Ƙyauren farko, na biyu, na uku, kafin mu juya ya rufe ya taho. Ƙyaure ɗaya ne kawai ke cinye masa lokaci, na gonar Enid Harker, can saman tudu. Ya ce sakatar ce ke da tauri. Mutumin da ke lanƙwasa ƙusa da yatsa, sakata ɗaya ta gagare shi shekara da shekaru.

Enid mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gonar da kare ɗaya. Gajera ce, kumatunta ja saboda iska, tana yawo cikin kwat ɗin marigayin da ke kai mata ƙauri. Kowace Lahadi, daidai lokacin da muke wucewa, sai a same ta a jikin katanga tana duba wata tunkiya. Mu gaishe ta mu wuce. Wilf ya iso, ya kama sakata ya fara kokawa da ita. Ita ta ce da alamar ruwa. Shi ya ɗaga kai ya dubi sama ya yarda. Shi ya ce rufin rumbunta ya zame a gefe guda. Ita ta ce ta gani. Shi ke nan zancen. Mu kuwa muna can gaba a gindin tarin duwatsu muna tsotsar alewa, Gordon na duban agogo yana cewa lallai a kai ƙarar wanda ya ƙera sakatar nan. Duk mun sani, kuma ba wanda ya taɓa furtawa. Sauran kwanakin mako Wilf ratsa su kawai yake yi don ya iso wannan ƙyauren.

Sai gwiwarsa ta hagu ta ƙi gaba ɗaya a wani hunturu. Likita ya ce ba sauran tura feda a hawa. Lorna, 'yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya da ba ta maimaita magana, ta zo da keke mai batir, ta ɗauke koren ta kulle a garejinta.

"Kawu, ko wannan, ko kujera a bakin taga. Zaɓi."

Ita ba ta san abin da ta yi ba. Mai irin wannan keken ba ya zama na ƙarshe. In ya iso tare da jama'a, da jama'a zai wuce, wani ya rufe ƙyaure. Ya tsaya a ƙofar gonar mace haka kawai, ba sakata ba dalili, wannan a wurin Wilf daidai yake da ya hau rufin coci ya yi shela.

Lahadin farko sai ya kashe injin ya hau da ƙafarsa. Keken kuwa nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Muka jira har alewa ta ƙare, har gumi ya bushe mana a baya. Enid ta duba tunkiyarta ta sake dubawa, sanyi ya kore ta ta shiga gida. Da Wilf ya iso, fuska ta yi toka-toka, ba kowa a jikin katanga sai hankaka. Ran nan sakata ba ta yi gardama ba ko kaɗan. Lahadi ta biyu ma haka. Labari ya kai wa Lorna ta bakin matar Gordon, ta aiko cewa in ya ƙara, wannan keken ma zai bi ɗan'uwansa gareji.

Lahadi ta uku gari ya waye tas, irin safiyar da tudu ke matsowa kusa har a ga kamar za a taɓa shi da hannu. A bakin kurmi, inda bishiyoyi ke ƙarewa hawa ya fara, Gordon ya tsaya ya jira shi, abin da bai taɓa yi a nan ba.

"Kai tsoho, ƙyaure fa kafin a rufe shi sai wani ya buɗe."

Wilf ya dubi tayarsa. Sannan ya ce sakatar wajen rufewa ne kawai take da tauri.

"To yau za ta koyi taurin buɗewa. Danna maɓallin injin nan, mutumin banza, kafin in danna maka."

Ya danna. Da yake bai taɓa gwadawa ba, bai san akwai kaɗan akwai da yawa ba, sai ya kai shi ƙarshe. Keken ya ɗauke shi kamar doki ya sace mai shi. Ya wuce mu a miƙe, baya a sandare, kunnuwa na kaɗawa, yana cewa kowa gafara dai. Tsuntsaye suka tashi daga ciyawa suna zaginsa. Kafin mu gama dariya ya zama ɗigo a goshin tudu.

Abin da ya biyo baya daga bakin Enid muka ji, don ta ba da labarin a kasuwa ba sau ɗaya ba. Ita rigar Gordon take hange ta tagar kicin kafin ta fito, kuma rigar tana can ƙasa tana haki. Wilf ya iso ba kowa. Ya buɗe ƙyaure, ya rufe, ya sake buɗewa. Kare ya gaji da kallonsa ya yi haushi. Ta fito da silifa, hannu duk garin fulawa, ba kwat.

"Wilf Sunter, lafiya? Wani ya mutu ne?"

"A'a."

"Ina sauran?"

"Suna baya."

Ta dubi keken, ta dube shi, ta ce ashe ya iya sauri. Ya ce keken ne. Ya ɗaga kai neman girgije ko ɗaya da zai cece shi, sama ta ƙi ba shi. Sai ya juya ga rumbu, ya fara cewa rufin nan, in tana so, zai iya aiko da wanda zai gyara.

"In an gyara me za ka riƙa gaya mini?" in ji ta. "Shigo ciki, ruwa na kan wuta. Ƙafafuna sun gaji da sanyi. Tunkiyar da nake dubawar nan ta mutu tun bara waccan."

Da muka iso, keken na jingine a katanga, hular kwanonsa a rataye a kai. Gordon ya kira Wutsiya sau biyu. Taga ta buɗe, Enid ta ce mu yi gaba, mutumin yana cin abinci, kuma wanda ya bar mata ƙyaure a buɗe zai gane kurensa.

Mun sauko, mun zauna a ƙofar shagon shayi da ke dandalin ƙauye, rana ta ɗan karkata, sai ga tsohuwar akori-kurar Enid tana gangarowa. Batir ya ƙare tun a hawan nan, ga shi Lorna ta hana feda. Keken na kwance a baya cikin ciyawa. Dandali cike yake, rabin mutanen kwarin suna wurin. Enid ba ta bi ta bayan gari ba, ta tsakiya ta ratsa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Gordon ya miƙe ya cire hula ya rusuna.

Wilf na zaune a gaba, kare a cinyarsa, kunnuwansa sun yi ja zur. Bai dube mu ba. Amma bai sunkuya ba, bai kuma ce a sauke shi a kwana ba. Da suka zo daidai da mu ma, sai ya sauke gilashi a hankali ya ɗora gwiwar hannunsa a kan taga.