Tsohuwar da Aka Manta a Sito

A kamfanin nan da ke shirya wasannin talabijin, in ka wuce ɗakin kwalliya, ka wuce inda ake jibge fitilu da wayoyi, akwai wani lungu mai taga ɗaya. Nan take zama. Daga darakta har mai shara, Jan Biro suke kiranta, saboda biron da take soƙewa a gefen ɗankwali. A takarda aikinta ɗaya ne: marubuci ya rubuta da hannu, ita ta buga a kwamfuta, ta fitar da kwafi, ta raba wa 'yan wasa. Amma in kana son zaman lafiya kada ka ce mata aikin nata ke nan kawai.

Mahaifinta mai gyaran keke ne, shi ya kai ta koyon bugun tafireta tana 'yar shekara goma sha shida, wai yatsunta sun yi tsawon da bai kamata a bar su a banza ba. Daga nan ta samu aiki a kotu, ta yi shekara ashirin da bakwai tana buga bayanan masu ba da shaida. A can ta auri wani direba, ta haifi uku, ta binne mijin, ta aurar da 'ya'yan. A can kuma kunnenta ya goge. Mutum zai rantse da safe cewa ƙofa a kulle take, in an dawo hutun rana ya ce ai ta ƙofar ya leƙa. Kafin lauya ya farga, ita ta riga ta ɗaga kai ta kalle shi ta saman tabarau.

Da ta yi ritaya, wata huɗu kacal ta iya zaman gida. Ta sauya wa tukwane wuri sau uku, ta fara kama jikoki da ƙarya tun kafin su gama shirya ta. 'Yarta ta fari ta ce, "Mama, don girman Allah a nemo miki aiki kafin ki kore mu daga gidan nan." Surukinta ne ya ji labarin kamfanin na neman mai buga rubutu, domin marubucinsu, wani siririn saurayi da ake kira Dogo, ba ya iya tunani sai da biro a hannu, rubutun nasa kuwa kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Ranar farko da ta karanta shafin farko, ta ture takardun. "A'uzu billahi! Gawa ta tashi tana bin mutane?" Aka ce mata ai irin wasan da ake yayi ke nan, zombi suke ce musu. Ta yi tsaki ta jawo takardun, tun da ta riga ta karɓi aiki. Kafin ta kai shafi na goma bakinta ya mutu. Akwai wurin da wata uwa ta zaunar da 'yarta tana zare mata awarwaro ɗaya bayan ɗaya, saboda matattun ƙara suke bi, yarinyar na kuka a kan kayan adonta, uwar na rufe mata baki da tafin hannu. Jan Biro ta cire tabarau ta goge. Yaron nan ya iya, ta faɗa a ranta, kuma daga ranar ta ɗauke shi ɗa.

Sai dai wanda ta ɗauka ɗa ya shiga uku. Ta sayi babban littafi mai bango baƙi, ta shiga rubuta komai: wa ke riƙe da wane mabuɗi, wane hannu aka ɗaure wa bandeji, kwana nawa suka wuce a cikin labarin. Ta rubuta dokokin da Dogo ya kafa da kansa, cewa matattun ba sa gudu, ba sa magana, kuma duk wanda ya mutu sai ya tashi, ko an cije shi ko ba a cije shi ba. Motar da mai ya ƙare mata a kashi na shida ta tashi garau a na bakwai, sai ga jan layi. Wani matacce ya hau tsani har saman rufi, sai ga jan layi biyu da tambaya: yaushe ya koya?

Darakta, mutum mai tumbi da gaggawa, yakan dafe kai ya ce, "Haba Mama, wa zai lura?"

"Ni na lura," in ji ta. "Ni ba mutum ba ce?"

Kuma gyaran nata bai taɓa rage wa wasan daɗi ba. Da aka hana mataccen hawa tsani, dole Dogo ya nemo wata hanyar tsoratarwa, ya sa su suka taru a ƙasa suka yi cirko-cirko suna jira, mutanen na sama ƙishirwa na cin su. Mutanen gari suka yi mako guda suna zancen wannan fitowa.

To, a kashi na huɗu ne aka yi abin da ya hana ta sukuni. Jarumin wasan, direban motar asibiti, yana gudu da wata tsohuwa maƙwabciyarsa wadda gwiwa ta hana ta sauri. Ya shigar da ita siton wani kanti, ya ajiye mata 'yar jarkar ruwa da ledar biskit, ya kulle ƙofa ta waje, ya sa mabuɗi a aljihu. Ya ce, "Gwaggo, kada ki yi motsi, zan dawo." Daga nan labari ya yi gaba. Aka karya gada, aka yi faɗa a kan buhunan abinci, jarumi ya faɗa soyayya da wata likita. Kashi na goma ya wuce, na goma sha biyar ya wuce, shiru kake ji, ko sunan tsohuwa ba a sake ambata ba.

Wadda ta fito a tsohuwar, ita ma Gwaggo kowa ke ce mata, ta yi shekara talatin tana wasa tun zamanin rediyo, yanzu kuwa sai a shekara ba a neme ta ba. A kwana ukun da ta yi ana ɗaukarta suka saba da Jan Biro, suka zama kamar 'yan uwa. Da za ta tafi aka ce ta riƙe kayan da ta sa, kada ta wanke, za a kira ta. Ta rataye su a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. In maƙwabta suka tsokane ta cewa an cinye ta, sai ta ce, "Bakinku ya sari dutse, ina nan a sito, yaron zai dawo." Duk ranar Litinin kuma sai ta bugo waya.

"'Yar'uwa, an zo kaina?"

"Saura kaɗan," Jan Biro ke cewa, kuma duk lokacin da ta faɗa sai ta ji kunyar kanta, ita da ta yi rayuwarta tana kama masu ƙarya.

Ta shiga rubutawa a ƙasan kowane kwafin da ta mayar wa Dogo: tsohuwa fa? Ya yi kunnen uwar shegu. Ta tare shi a bakin matakala, ya ce ana kiransa a waya, alhali wayar na hannunsa ko haske ba ta yi ba.

Ran nan ya ajiye mata kashi na ƙarshe, na ashirin da huɗu. Ta karanta tun daga farko har ƙarshe. Jarumi da likita da sauran waɗanda suka tsira sun hau jirgin ruwa, rana na fitowa, kowa na murmushi. Ta tattara takardun, ta hau bene, ta shiga ofishin darakta ba tare da ta jira an ce ta shigo ba. Dogo na zaune a ciki.

"Ba zan buga ba," ta ce. Kusan shekara talatin tana wannan sana'a, ba ta taɓa furta wannan magana ba.

Darakta ya ce jibi za a fara ɗauka, kuma masu iya kwamfuta sun cika gari, in ta gaji ne ta faɗa. Ta zaro mabuɗin lungunta ta ajiye masa a tebur, ko gezau.

"Nemo su. Amma ka sani, mutumin da kuke so mu tafa masa ya kulle tsohuwa a ɗaki, ya hau jirgi da mabuɗin a aljihu yana washe baki. In mugu ne, ku nuna mana mugu ne. In mutumin kirki ne, ya koma. Ɗana, kai ka sa alkawarin nan a bakinsa, ba ni ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Mama, mantawa na yi. Sai da kika fara tambaya na tuna, lokacin an yi nisa. Kullum in na zauna zan gyara sai in rasa ta inda zan kama."

Darakta ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya tafa hannu. "Shi ke nan, mai sauƙi. Ya koma, ya buɗe, ya same ta ta rame amma da ranta. A rungume juna, a sa kiɗa. Kin samu abin da kike so, ƙawarki ta samu."

Wallahi ta so ta ce to. Ta hango fuskar Gwaggo in ta kai mata wannan albishir. Amma hannunta ya riga ya buɗe baƙin littafin.

"Kwana talatin da takwas ke nan a lissafin labarin. Jarkar ƙarama ce, ko da cokali take sha ba za ta kai ta rabin haka ba. Siton ba taga, ƙofar ƙarfe ce, mabuɗi ɗaya." Ta rufe littafin. "Ta mutu. Kuma bisa dokarku, ta tashi."

"To in ya buɗe ai kansa za ta faɗa," in ji Dogo. "Sai dai ya fasa mata kai. Masu kallo za su tsine mana."

"Ni ba marubuciya ba ce," ta ce. "Tashi mu je wurin wadda ta zauna a ciki."

Da la'asar suka isa. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, tana ta satar kallon takardun da ke hannun Dogo, farin ciki ya ƙi ɓoyuwa a fuskarta. Jan Biro ba ta iya kwana-kwana ba, don haka ta faɗa mata kai tsaye: an manta da ita, yanzu za a koma, amma ba za a same ta da rai ba. Ta ƙara da cewa darakta ya so a raya ta, ita ce ta hana.

Gwaggo ta kau da kai ta kalli kayan da ke rataye bayan ƙofa, har Jan Biro ta fara tunanin zumuncin nan ya ƙare. Can ta ce, "Amma dai ya dawo?"

"Ya dawo."

"Ita tsohuwar, ta san wanda ya mutu tashi yake?"

Jan Biro ta duba littafi. "Ta sani. A gabanta mai kanti ya tashi, kashi na uku."

"To ku ji min yaran nan," in ji Gwaggo. "Na san zan tashi, na san yaron nan zai dawo ya buɗe ƙofa, sai in zauna in jira shi da haƙora?" Ta warware ɗankwalinta, ta zagaya shi a wuyan hannunta, ta zura ɗaya bakin a ƙafar gado, ta kama da haƙori ta ja ƙulli, ta ƙara wani a kai. "Ranar da na ga ruwa ya ƙare, abin da zan yi ke nan tun ina da sauran ƙarfi."

Dogo ya zaro biro. Jan Biro ta juya shafukan baƙin littafin, domin ko a nan ba za ta bari a wuce ba a duba ba. Akwai kantar ƙarfe a siton, a kafe take da bango. Matattun kuma ba su taɓa kwance ko igiyar takalmi ba tun da aka fara wasan.

"Zancen ya zauna," ta ce a hankali. "Rubuta, ɗana."

A nan kan tabarmar ya rubuta, ita kuma ta buga washegari da safe, tana tsayawa tana share ido. Aka jinkirta jirgin ruwa, aka sake gina siton. Ranar ɗauka ta bar lungunta ta tsaya bayan kyamara, abin da ba ta saba ba. Masu kwalliya sun yi wa Gwaggo fuska toka-toka, leɓe a tsattsage, ta zauna a ƙasa jingine da kantar ƙarfen.

Jarumi ya murɗa mabuɗi, ƙofa ta buɗe. Tsohuwa ta ɗago kai, ta miƙe, ta yo kansa baki a buɗe, sai ɗankwalin ya fizge ta, saura taku ɗaya ta kai gare shi. Ya kalli jarkar da ke kife, ya kalli hannunta, ya kalli ƙullin da shatin haƙora a jiki. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, na makara."

Jan Biro ta toshe baki da gefen mayafi tana kuka, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mijinta. Darakta ya manta bai ce a tsaya ba. Gwaggo ta ci gaba da miƙa hannu tana ja, tana ja, ƙullin bai kwance ba.