Na'urar da Ta Ƙi Yatsan Baba

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Ni masinja ne a wata ma'aikata a Dutse, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce ƙaramin ma'aikaci ya kai ƙarar manya. Ba ƙarar kowa na kawo ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare, mutumin wajen Buji, shi ke ba shuke-shuken harabar ofis ruwa. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake nan. Kowa Baba yake ce masa.

Da aka kawo na'urar ɗora yatsa, aka ce daga yanzu ita ce shaidar wanda ya zo aiki, sai aka tara mu don a ɗauki yatsan kowa. Wata budurwa ce daga kamfanin da ya kawo na'urar take ɗauka. Takan kama babban yatsan mutum, ta danna shi sosai a kan ɗan gilashin, ta juya shi dama da hagu. Dab da azahar layi ya zo kan Baba, ina bayansa.

Ta ce, "Baba, kawo hannun."

Ya janye. "A'a 'yata, da alwalata. Nuna min wurin, ni zan ɗora."

"Sai an danna fa, Baba."

"To ai ga shi na danna."

Bai danna ba. Taɓa gilashin ya yi a hankali, kamar mai gudun fasa kayan gwamnati. Ta dubi kwamfuta, ta dubi tsawon layi, ta ce na gaba ya matso.

Da farko na'urar takan karɓe shi bayan ya yi ta gwadawa. Da damina ta faɗi, ya riƙa zuwa gona ƙarshen mako, hannunsa ya yi kanta, sai ta daina gane shi gaba ɗaya. Ya goge yatsan a riga, ta nuna jar wuta, alamar ta ƙi. Ya shafa mai, ja. Wani ya ce ya murza shi a goshi, ya murza, ja.

Wani direbanmu mai tsokana ya ce, "Baba, ko dai tun bara ka rasu ba a sanar da mu ba?"

Baba ya ce, "Da na rasu ai kai za ka fara sani, ɗan nema, don kai ke cinye min goro."

Muka yi dariya. Yanzu ba mai yi masa wannan wasan.

Shugabanmu yana hango Baba ta taga kullum yana jan tiyo. Da Baba ya same shi, ya ce, "Wallahi Baba na san kana zuwa. Amma abin ba ta hannuna yake bi ba, kai tsaye yake tafiya sama." Ya tura shi ɗakin kwamfuta, na raka shi. Can aka ce mutanen kamfani ne kaɗai ke iya sake ɗaukar yatsa, su kuma sun gama aikinsu sun tafi.

Yanzu ana ta raɗe-raɗin za a yi tantancewa don a cire ma'aikatan bogi, wai da wanda na'ura ba ta gani za a fara. Ban tabbatar ba, ban ga takarda ba. Amma Baba ya kusa ritaya. In aka cire shi da sunan bogi, ba fansho, kuma da wannan sunan zai koma Buji cikin jikokinsa.

Har yanzu kowace safiya yakan ɗora yatsan, ta nuna ja, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Rannan ya tsayar da ni ya ce, "Ɗana, in sun ce babu ni, wa za su ce yana ba itatuwan nan ruwa?"

Ni ma makon jiya na'urar ta ƙi yatsana, sai da na sake. Tun ranar, daga unguwarmu Yalwawa har ofis hannuna a aljihu nake tafiya, ko fartanya na daina taɓawa.

Don Allah, duk wanda ya san inda ake sake ɗaukar yatsan ma'aikaci, ko wanda haka ta taɓa samun wani nasa, ya sanar da ni ta inda ya karanta wannan, ya faɗa min yadda suka ƙare, ko da ba daɗin ji. Ina roƙon a hanzarta, don ba mu san ranar da masu tantancewar za su iso ba.